Juyayyar Tatsuniya a Hannun Yaran Firamare

A shekarar 1989 wani marubuci a Amurka, Jon Scieszka, ya ɗauki tsohuwar tatsuniyar Turawa ta aladu uku da kyarkeci ya juya ta, Lane Smith kuma ya yi mata zane. A littafin nan kyarkeci ne ke ba da labari, yana cewa shi sukari kawai ya je roƙo, atishawa ce ta rushe gidajen. Malaman can sukan karanta wa yara irin waɗannan littattafai domin su gane cewa mai ba da labari ma yakan yi son kai.

Dabarar tana da kyau, amma fa da sharaɗi, watau ba a gane juyi sai an san asali. Yaron Birnin Kudu ko na Gwaram bai tashi da tatsuniyar aladun nan ba. In an miƙa masa juyayyar, sai ya ɗauki ƙaryar kyarkeci gaskiya, darasin ya lalace. Ga shi kuma alade ba dabbar da iyaye Musulmi za su so gani a littafin ɗansu ba ce.

To, abin da yaron ya sani shi ne Gizo. Ya san yadda hankaki suka ara masa gashi ya bi su cin ɓaure a tsakiyar ruwa, ya yi haɗama, suka ƙwace kayansu. In malami ya sa labarin a bakin Gizo, yana rantsuwa cewa zaluntarsa aka yi, nan take aji zai kaure da gardama, kowa na kawo hujja. Wannan gardama kuwa ita ce karatun.

Har wa yau akwai gurbin Abubakar Imam. A Magana Jari Ce ya ɗebo labarai daga Larabawa da Jamusawa, amma sai da ya sa musu rigar Hausa tukuna. Aro halal ne, in an san yadda za a ɗinke shi.

Zane ma bai kamata ya gagara ba. A duwatsun Birnin Kudu, kamar Dutsen Habude da Dutsen Mesa, mutanen da sun bar hotunan shanu. Yaran garin lalle sa iya zana Gizo da hannunsu.