Ɓarawo mai hatimi: fim ɗin «The Spoilers» na 1942

Wanda ya saba da finafinan kaboyi ya san yadda ɓarawo yake shigowa: a kan doki, fuska a rufe, bindiga a hannu. A cikin «The Spoilers», wanda Ray Enright ya shirya a 1942, Faransawa kuma suka raɗa masa suna «Les Écumeurs», ɓarawon kwat yake sanye da ita, makaminsa takardar kotu. Dalilin da ya sa na ga ya cancanci malamai su sake dubansa ke nan.

Labarin yana gudana a garin Nom na Alaska a 1900, lokacin da dubban mutane suka yi tururuwa can neman zinariya. Roy Glennister, wato John Wayne, da abokinsa Dextry suna da ramin haƙa mai albarka. Sai ga McNamara, wato Randolph Scott, kwamishinan zinariya, ya haɗa baki da alƙali Stillman. Dabararsu ba ta da wuya: a sa wani ya yi da'awar ramin, kotu ta karɓe shi da sunan ajiya, a ɗage shari'a kwana 90, kafin nan an kwashe abin da ke ciki. An ba kura ajiyar nama.

Wurin da fim ɗin ya fi ratsa ni shi ne ranar da aka zo karɓar ramin. Tsoho Dextry ya ɗauki bindiga, Glennister ya hana shi, ya ce a bi doka. Mai kallo ya san an yaudare shi, amma ba ya iya cewa ya yi wauta, domin abin da ya yi shi muke koya wa yara a aji. Scott ma ya taimaka ƙwarai: ba ya ɗaga murya, murmushi kawai yake yi irin na mutumin da ya san hatimi yana aljihunsa. Marlene Dietrich, mai gidan shaye-shaye, ita ce ta fi kowa saurin gane shi, ko da yake an ɓata rabin wasanta a kishi da Helen, ƴar ɗan'uwan alƙali.

Ba ƙage ba ne zalla. Rex Beach, wanda ya rubuta littafin a 1906, ya zauna a Nom, kuma McNamara inuwar Alexander McKenzie ce, wani ɗan siyasar Dakota ta Arewa da ya iso garin a 1900 tare da alƙali Arthur Noyes, aka naɗa shi mai riƙon ramukan da ake jayayya a kansu. Masu ramukan sun ɗaukaka ƙara zuwa San Faransisko. Kotun can ta sa aka kamo McKenzie, ta yanke masa ɗaurin shekara guda a 1901, sai dai shugaba McKinley ya yi masa afuwa bayan ƴan watanni. Noyes kuwa an tuɓe shi a 1902.

A nan nake da ja da fim ɗin. Ya yi tambaya mai nauyi, wato ina talaka zai nufa idan alƙali ne ɓarawon, sannan ya amsa ta da fasa banki, da jirgin ƙasa da ya ratsa shinge, da dambe. Damben ya yi suna, an karya tebura da tagogi har aka fito titi, ban musa yana da daɗin kallo ba. Amma naushi bai warware komai daga abin da aka ƙulla da takarda ba. Duk wanda ya ji labarin mutanenmu da suka tafi Jado a 2014 ya san rigimar rami ba a nan take ƙarewa ba.

Akwai kuma abin da aka share. Waɗanda suka fara gano zinariyar a 1898 baƙi ne uku, biyu daga Suwidin, ɗaya daga Norwe, kuma da hujjar baƙuncin nan aka fara ƙalubalantar haƙƙinsu. Fim ɗin ya mayar da wanda aka zalunta Ba'amurke tsantsa. Ƴan asalin ƙasar, Inupiyat, babu mai tambayar ra'ayinsu. Ga kuma wurin da Wayne ya shafa baƙi a fuska don ɓad da kama, aka mayar da baƙar fata abin dariya a gaban ƴar aikin gida Idabelle. Malamin da zai nuna fim ɗin ga ɗalibai, ya tsayar da shi a nan, ya bar su su yi magana kafin a ci gaba.