Kurar Tatsuniya da Kurar Wayar Salula

Kwanakin baya wani mai sauraro ya turo mini murya ta WhatsApp, ya ce don Allah in sa ta a shirina na dare. Mai ba da labarin gwani ne, ya san inda zai sassauta murya, ya san inda zai yi shiru har tsigar jikinka ta tashi. Labarin wata tsohuwa ce mai sayar da abinci, wadda in dare ya tsala sai ta tuɓe, ta yi birgima a toka, ta tashi kura. A ƙarshe ya rantse abin ya faru, har ya faɗi sunan unguwar. Ban sa ba. Amma daga ranar na bi irin waɗannan labarai na mayu da masu rikiɗa da 'yan shan jini, na saurari da dama a YouTube da WhatsApp, kuma a kansu zan yi wannan sharhi.

Bari in fara da yabo. Yaranmu a nan Gadarif da Larabci suke karatu, da yawansu ba sa iya karanta Hausar boko. Waɗannan muryoyi daga Kano da Zariya da Maraɗi suna kawo musu Hausa har cikin ɗaki, suna jin kalmomin da rabonsu da su tun kakanni na da rai. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Kayan da suke aiki da su ma namu ne. Rikiɗa ta cika tatsuniyoyinmu, tun waɗanda Frank Edgar ya tattara aka buga tsakanin 1911 da 1913. Akwai ɓaunar da ta zama budurwa ta auri maharbi don ta ji asirinsa, akwai macijin da ya zama saurayi ya auri yarinyar da ta ƙi duk manemi mai tabo. Maita kuma kowa ya san yadda ake faɗinta: ƙanƙara a ciki, kamun kurwa, da tilasta wa wanda ake zargi ya tsallaka majinyaci. Mayen Bahaushe ba shi da dogayen fiƙoƙi, ba ya kwana a akwatin gawa. Wannan na Dracula ne, littafin Bram Stoker na 1897, wanda finafinai suka yaɗa. Wasu masu labaranmu sun aro shi sun liƙa wa maye, abin ya zama kamar rawani a kan kwat. To, wannan ƙaramin aibi ne.

Babban aibin shi ne an cire wa labarin shinge. Tatsuniya tana buɗewa da "ga ta nan, ga ta nanku", ta rufe da "ƙurunƙus", mai bayarwa kuma ta ɗora ƙaryar a kan Gizo. Babu sunan unguwa, babu maƙwabci. Ƙari a kan haka, mai rikiɗa a tatsuniya yana zuwa ne ya tona halin ɗan Adam: ruwan idon yarinya, sakin bakin maharbi. Yaro ya ji, ya kwanta yana duba kansa. Labarin waya kuwa da rantsuwa yake farawa, wanda ya ji ya kwanta yana duba gidan da ke jikin nasu.

Ku lura da wadda ake mayarwa kura. Tsohuwa ce da ba ta da ɗa, ko matar da miji ya mutu ya bari, ko baƙuwar da ba a san danginta ba. Ban taɓa jin labarin da babban dillalin riɗi ya yi birgima a toka ba. Kullum mara gata ne.

Mu Hausawan Sudan bai kamata a koya mana wannan ba, don a bakin wasu maƙwabtanmu mu ne kurayen. Tun ina yaro nake jin ana cewa "Fallata", sunan da ake haɗa mu da Fulani da Barebari a ciki, suna zama marfa'in da dare, wato kura. In ka tsallaka iyaka daga Galabat ka shiga Matama, Habashawa suna da nasu, buda, mai kambun baka da ke rikiɗa kura, kuma maƙera da maginan tukwane da Yahudawan Beta Isra'ila aka daɗe ana jingina wa. Muhammad bin Umar Attunisi, wanda ya shiga Darfur a 1803, ya rubuta cewa ana faɗin irin haka a kan Masalit. Kowa kurarsa maƙwabcinsa ne. Mu ma a ƙasar Hausa muna da garuruwan da muke laƙaba wa maita.

Maganar ba ta tsayawa a baki. A 2017 jita-jitar masu shan jini ta tashi a kudancin Malawi, gungun mutane suka kashe waɗanda suke zargi, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta janye ma'aikatanta daga wasu gundumomi. A unguwar da na tashi ba a kashe kowa ba, amma na ga abin da ya isa. Wani yaro ya yi ta zazzaɓi yana ramewa, cikinsa ya kumbura, aka ce wata mai ƙosai ce ta kama shi. Ciniki ya mutu mata, aka fasa auren 'yarta, suka bar unguwar. Da aka kai yaron asibiti sai aka ce kala-azar ce, cutar da ta yi katutu a ƙauyukan jiharmu na bakin kogin Atbara da Rahad. Wani ɗan mitsitsin ƙwaro mai cizo ke kawo ta, tana kumbura saifa, tana kuma da magani. Yaron ya warke. Ba wanda ya bi matar ya ba ta haƙuri.

Ba ina cewa babu sihiri ba ne, Alƙur'ani ya ambace shi. Amma shi ne kuma ya gargaɗe mu a Suratul Hujurat game da yawan zato. Yarda da samuwar abu daban, nuna wance da yatsa daban.

Don haka, 'yan uwa masu labari, ku ci gaba da tsorata mu, muna so. Sai dai ku mayar da shingen. In ƙirƙira ce ku ce ƙirƙira ce, ku bar rantsuwa, ku bar kiran unguwa da ƙabila. In kuwa sabon labari kuke nema, ga wanda har yau ban ji an bayar ba: na 'yar matar da aka kira mayya, da yadda ta wayi gari ba mai cin abincin gidansu. Ana cewa in maye ya manta, uwar ɗa ba za ta manta ba. 'Yar wadda aka yi wa ƙazafi ma ba ta mantawa. Ranar da wani ya turo mini wannan, zan sa shi a shirina.