Gwanin da ya hori dokin kaboyi

Tun daga shekarun 1930 har zuwa farkon 1950, Amurka ta yi yayin finafinan kaboyi masu waƙa. Gene Autry da Roy Rogers ne taurarinsu: jarumi a kan doki, gita a hannu, yana rera waƙa kafin ya bi sawun ɓarayin shanu. Masu sharhi a birane sun raina su, amma yara da mutanen karkara sun riƙa cika gidajen sinima ranar Asabar. Guguwar kaboyi ta iso har Nijar, inda Moustapha Alassane ya yi nasa fim ɗin a 1966, da samarin ƙasar a kan dawakinsu.

Duk mutumin Tasawa ko Mayahi da ya tashi yana ganin hawan sallah, in ya kalli irin waɗannan finafinan, idonsa kan dokin zai fara sauka. Na Roy Rogers, Trigger, ruwan zinare ne mai farar geza, kuma Glenn Randall ne ya daɗe yana horar da dawakin da ke fitowa da wannan suna. Ba ɗaya ba ne. Wani da ake kira Little Trigger shi ya ɗauki yawancin wasannin.

Aikin fa yana da wuya. Doki dabba ne mai saurin razana, ƙarar bindiga kaɗai ta isa ya kwasa da gudu. Sai a yi ta saba masa da ita daga nesa, ana matsowa kaɗan-kaɗan, har ya daina ko kaɗa kunne. Sannan a koya masa alamu: mai horo yana tsaye inda kyamara ba ta kai ba, ya ɗaga bulala, doki ya tashi da ƙafafun baya, ya sauke ta, doki ya durƙusa. Idan ya yi daidai a shafa masa wuya, a ba shi abin taɓawa. Kuma dole ya yi tafiya a natse, linzami sake, domin hannayen mahayin duka biyu suna kan gita. Wanda ya taɓa riƙe ingarma a tsakiyar kalangu da bindigogin ƴan bindiga ya san abin da wannan ke ci na haƙuri.

Irin waɗannan gwanaye muna da su a bargojin sarakunanmu. In ka ga doki yana taka rawa a hawan sallar bana, ka tambayi sunan wanda ya hore shi.