Jinjina ga Masu Kafa Eriya

Kowa na yabon mai magana a rediyo, amma wa ke tuna wanda ya kafa eriya? Daga Damagaram har Mirriya, guminsa ne ke kai murya gona da kasuwa. Sana'ar awo ce: miƙaƙƙiyar eriya tsawonta rubu'in zangon igiyar rediyo, kusan mita 10 a megahaz 7. Busasshen rairayi ba ya ɗaukar lantarki sosai, shi ya sa yake shimfiɗa wayoyi kewaye da gindinta. Ya rage kaɗan, ya gwada, har ta daidaita, ga rana ga ƙurar hunturu. Da irin wannan haƙuri masu rediyon sha'awa na Nijar, masu lambar kira 5U, ke gaisawa da Turai. Gaisheku, gwanaye! Matasa, ku koyi sana'ar nan.