Gwanin da Ke Saita Inji da Kunne

A garejin masu saitin injin turbo akwai wani kayan aiki da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma tsofaffin hannu ba sa rabuwa da shi. Guntun bututun jan ƙarfe ne da aka daddale bakinsa aka ɗaure da noti a jikin inji, aka jona masa tiyo, tiyon ya zarce har cikin abin toshe kunne. Mai saiti zai sa shi a ka, ya zauna gefen direba da kwamfuta a cinya, ya ce a taka totur. Abin da yake kasa kunne ya ji wata siririyar ƙara ce, kamar an watsa tsakuwa a kwanon rufi. Da ya ji ta sai ya ɗaga hannu, direba ya saki totur nan take. Yanzu akwai na lantarki mai lasifikar kunne, amma aikin bai canza ba.

Mai son gane dalilin wannan saurare ya tuna maƙera. Maƙeri ba gawayi kaɗai yake ƙarawa ba idan yana son ƙarfe ya yi ja, yaro yake sa wa ya kama zugazugi. Turbo zugazugin inji ne, sai dai ba yaro ke zuga shi ba. Hayaƙin da injin ya fitar ne ke juya wata farfela, ita kuma ta juya 'yar'uwarta mai cusa iska cikin silinda. Wani injiniyan Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi rajistar dabarar a 1905. A motocin yau farfelar kan yi juyi sama da 150,000 a minti ɗaya, cikin hayaƙin da zafinsa kan haura digiri 900. Iska ta ƙaru, aka ƙara mai, sai ga inji mai lita biyu yana aikin da a da sai mai silinda shida.

To, iskar da aka matse zafi take yi, fetur kuwa ba shi da haƙuri da zafi da matsi. Fulogi ya kunna wuta, wutar tana bazuwa yadda ya kamata, sai ragowar cakuɗin da ke can gefen silinda ya fashe da kansa tun ba ta iso shi ba. Ita ce ƙwanƙwasar da ake saurara. Makanikanmu sun ari sunanta na Turanci, amma a bakinsu idan aka ce inji ya yi nokin, an riga an yi masa sutura. A bakin mai saiti kuwa, nokin shi ne ciwon tun yana sabo, kafin ya farfasa gefen fistin, ya karya ringi, ya ƙone gaskit.

Kamfanoni ma sun sha wuya da ita. Oldsmobile Jetfire ta 1962, ɗaya daga cikin motocin turbo biyu na farko da aka sayar wa jama'a a Amurka, tana da wani ɗan tanki na ruwa da methanol da ake fesa wa inji don ya huce. Masu motar suka riƙa mantawa da shi, ruwan ya ƙare, mota ta rage ƙarfi, su koma wurin dillali suna ƙorafi. Shekara biyu ta yi aka daina ƙera ta. A farkon shekarun 1980 ne kamfanin Saab na Suwidin ya sa wa inji kunne na kansa, wata 'yar na'ura da ke jin ƙwanƙwasa ta sa a rage matsin iska.

Yau duk wannan yana hannun ƙwaƙwalwar mota, wadda makanikai ke kira birenbos. A cikinta akwai jadawalai masu yawa, kuma mai saiti su yake sake rubutawa, galibi ta 'yar kafar nan mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wadda Amurka ta wajabta wa motoci tun 1996. Abu uku yake juyawa: yawan iskar da turbo zai tura, yawan man da nozul zai fesa, da lokacin da fulogi zai ba da wuta. Fetur yana ƙonewa tas idan kilo ɗaya ya sami kilo 14.7 na iska, amma idan inji ya ɗauki kaya gwani yakan ƙara mai har lissafin ya sauko wajen 12, saboda rarar man tana sanyaya silinda. Lokacin wuta kuma da digiri-digiri ake matso da shi. A matso da digiri ɗaya ƙarfi ya ƙaru, a ƙara wani ya sake ƙaruwa, a na uku tsakuwa ta fara zuba a kwano. Gwanintar ita ce ya san inda bakin ramin yake, sannan ya ja da baya da gangan, ya bar wa mota sarari saboda ranar da za a sha mugun mai.

Ni dai wannan ja da baya ne ya fi burge ni, domin ba ya fitowa a hoto kuma ba wanda zai tafa masa. Ribar da ake kwaɗayi gaskiya ce. Golf GTI ƙarni na bakwai ta fito daga kamfani da ƙarfin doki 220 a Turai, kuma da sauya lissafin ƙwaƙwalwa kaɗai, ba tare da an kwance noti ɗaya ba, kamfanonin saiti irin su APR na Amurka da Revo na Ingila suna kai ta kusa da 300. Ƙarfin yana nan kwance saboda masu ƙera mota sun bar rara domin ƙasashe masu zafi, da mai marar kyau, da direban da ba ya juye a kan lokaci. Wato mu aka bar wa rarar. Wanda ya cinye ta a Jamus nishaɗi ya yi, wanda ya cinye ta a Sakkwato cikin watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, guzurinsa ya cinye.

Motocin turbo kuwa sun cika titunanmu, ko masu su sun sani ko ba su sani ba: Mercedes C300 daga 2015, Lexus NX200t, Honda Accord ta 2018 mai lita 1.5, da Ford masu EcoBoost. Saboda haka tambayar farko da za ka auna mai saiti da ita ta mai ce. A Amurka lambar da ke jikin famfo, wadda ke nuna yadda mai ke jure ƙwanƙwasa, matsakaicin ma'auni biyu ce, don haka 91 ɗinsu daidai yake da wajen 95 a ma'aunin RON, 93 ɗinsu kuma wajen 98. Fetur ɗinmu yana wajen 91 ne a RON, wanda a can shi ne mai lamba 87, mafi araha. Kuma a gidan mai ba a tambayarka wane iri kake so, iri ɗaya ne. Wanda ya sauko da fayil daga intanet mai lamba 91 ya ɗora maka, yana murna lamba ta yi daidai, ya yaudare ka ne ba tare da shi ma ya sani ba. Mai da aka shigo da shi daga Antwerp a farkon 2022, mai methanol fiye da kima, ya isa ya tuna wa kowa cewa abin da ke tanki ba kullum yake bin takarda ba.

Gwani ana gane shi tun kafin ya buɗe kwamfuta. Zai auna matsin kowace silinda, ya cire fulogai ya duba launinsu, ya hura iska cikin bututan turbo ya nemi inda ke yoyo, ya ga ko ƙurar hunturu ta toshe matatar iska. Zai tambayi baƙin man da kake sawa, domin injin da ke fesa mai kai-tsaye cikin silinda yana da wata muguwar fashewa idan aka danna totur a babbar giya inji yana juyi a hankali, kuma tana cikin dalilan da suka sa aka fito da ma'aunin baƙin mai na API SP a 2020. Zai kuma yi maganar giya. Kulocin GTI mai giyar hannu ya yi suna wajen sulɓewa bayan saiti, giyar CVT ta Accord ma tana da iyakar abin da za ta ɗauka. Idan ya ce je ka gyara kaza ka dawo, ko ya ce wannan motar ba zan taɓa ta ba, kada ka ji haushi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Na'urar gwajin ƙarfi, wadda ake ɗaure mota a kanta tayoyi su yi ta juya gangunan ƙarfe, abin so ce, amma lambar da take bayarwa tana lanƙwasuwa. Ana iya auna mota da zafi kafin aiki, a auna ta da sanyi bayan aiki, bambancin ya kumbura. Ka ce a maimaita sau uku ko huɗu a jere ka ga ko ƙarfin zai tsaya bayan inji ya ɗau zafi. Ka nemi ya nuna maka rikodin tafiya: zafin iskar da ke shiga, da ko ƙwaƙwalwa tana janye lokacin wuta saboda ta ji ƙwanƙwasa. Wanda ya iya aikinsa daɗi yake ji a tambaye shi wannan. Mai kashe wa mota kunnenta don fitilar gargaɗi ta daina damunka, ko mai tallar salansa mai harbi kamar bindigar 'yan tauri, wanda ba komai ba ne sai mai da ake ƙonawa a kan farfelar turbo, ka ba shi hanya ya wuce.

Kada kuma a ɗauki mai na'urar duba lahani a matsayin mai saiti. A Kofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da Apo a Abuja akwai hannaye masu albarka wajen wayarin da gano ciwon mota, amma karanta lambar lahani daban, rubuta jadawalin wuta daban. Idan sai daga waje za a yi maka aikin, ka zaɓi wanda zai sa ka yi tafiya da tsakar rana da man unguwarku, ka aika masa rikodin, ya gyara ya maido, har sau nawa ya kama.

Mai karatu, duk wanda ka zaɓa, kafin ya rubuta harafi ɗaya a ƙwaƙwalwar motarka, ka sa ya kwafe fayil ɗinta na asali ya ba ka a filashi, ka kai gida ka ajiye tare da takardun mota.