Jigon Alhaki a Cikin Labarin Gidan Gado Mai Aljanu a Ƙasar Mai'adua

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne nazarin wani nau'in labarin baka da ake bayarwa a ƙasar Daura, musamman a Mai'adua, watau labarin gidan gado da ya gagari magada zama. Za a yi ƙoƙarin nuna cewa, ko da yake tsoro ne tufar da labarin ya yafa, ainihin jigonsa alhaki ne.

2.0 Zubin Labarin

Galibi zubin labarin ɗaya ne. Maigida ya rasu ya bar gida da gonaki. Babban wa, ko kuwa baffa, ya riƙe kome da sunan riƙon zumunci, ba a yi rabo ba. Daga nan sai a fara jin jifa a kan soro da tsakar dare, ko kukan jariri a gindin tsamiyar tsakar gida. Sai ɗa ya mutu, amarya ta taɓu, dukiya ta lalace, har gida ya zama kango. A ƙarshe wani baƙo, malami ko almajiri, shi ke kwana a ciki ya gano musabbabin abin.

Ba abin mamaki ba ne irin wannan labari ya yi saiwa a Mai'adua. Gari ne na bakin iyakar Nijeriya da Nijar, mai babbar kasuwa da ke ci ranar Lahadi. Inda fatauci ya yi ƙarfi, magada kan watsu, wani ya ƙetare iyaka, wani ya nufi Kano, a bar gida a hannun mutum guda. Nan ne kuwa ƙofar cin amana take.

3.0 Wane ne Mai Gidan Ɓoye?

A nan ya kamata a bambanta kalmomi uku. Kurwa ita ce wadda aka ce maye na kamawa. Fatalwa ita ce siffar mamaci da aka ce tana bayyana. Aljani kuwa halitta ce dabam. A aƙidar Musulunci mamaci ba ya dawowa duniya, saboda haka mai ba da labari yakan jingina ɓarnar ga aljani, ko da masu sauraro sun fahimci cewa fushin mamacin ake nufi.

A ƙarƙashin wannan akwai wata tsohuwar al'ada. Greenberg, a littafinsa na 1946 a kan Maguzawan ƙasar Kano, ya bayyana yadda gida kan gaji iskokin da yake yi wa yanka daga kakanni. Wannan ya yi daidai da abin da Hausawa ke kira kan gida, wanda in aka yi sakaci da shi sai masifa ta auka wa zuriya. Labarin da muke nazari ya riƙe wannan ƙashin baya, amma ya sauya bashin. Da jinin yanka ake bin gida, yanzu kuwa tumunin matar mamaci da rabon marayu ake bi, waɗanda Suratun Nisa'i ta ƙayyade, ta kuma yi kashedi mai tsanani ga mai cin su.

Shi ma baƙon da ke warware matsala ba baƙo ba ne a adabin Daura. A labarin rijiyar Kusugu, macijiya ce ta hana mutane ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajida ya zo daga wata ƙasa ya kashe ta. Abin da ya gagari 'yan gida, saboda tsoro ko kara, baƙo ne ke iya tunkararsa.

4.0 Kwatanci da Rubutaccen Adabi

A cikin Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, wanda ya fito a tsakiyar shekarun 1930, babu fatalwa, amma jigon ɗaya ne. Malam Shehu ya yi amfani da dukiyarsa ya auri Zainab, wadda Abubakar yake so, sai sammu ya bi ɗansu Kyauta, ya zama ɓarawo, har ajalin uban ya zo a hannunsa. A Amurka ma, littafin Nathaniel Hawthorne na 1851, The House of the Seven Gables, ya ginu ne a kan filin da kakan wani gida ya ƙwace, la'ana ta yi ta bin jikokinsa. Ko'ina dai alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Bambancin shi ne, a labarin Mai'adua akwai magani a sarari: a kira alƙali ko malamai a raba gado, sai jifa ta tsaya.

5.0 Ƙarfi da Raunin Labarin

Ƙarfin labarin yana ga yadda ya zama bakin marasa baki. Matar da take takaba ba ta iya kai ƙarar wan mijinta, maraya ba ya iya ɗaga ido ya dubi baffansa. Amma in aka ce gidan wane ya gagara, duk gari ya san abin da ake nufi ba tare da an ambaci suna ba. Wannan habaici ne da ya kai matuƙa.

Rauninsa kuwa biyu ne. Na farko, wasu masu ba da shi sukan karkatar da laifi daga kan namijin da ya riƙe dukiya su ɗora wa kishiya ko wata tsohuwa, har a jefe ta da maita, alhali wannan zargi kan raba mace da gidanta. Na biyu, azabar takan sauka a kan yara da amare waɗanda ba su ci ba, ba su sha ba, kuma taɓin hankalin da ke bukatar asibiti sai a mayar da shi hukuncin aljanu.

6.0 Kammalawa

Ya kamata manazarta su tattara ire-iren wannan labari daga bakin dattawan Mai'adua da ƙauyukanta, su lura da wanda ake ɗora wa laifi a kowane ƙauli. Marubucin da zai mayar da shi ƙagaggen labari kuwa, kada ya tsaya ga farin likkafani da ƙarar ƙofa. In ya bar maganar rabon gado a baya, ya ɗauki ɓawo ne ya zubar da ƙwaya.