Komowar *Shaihu Umar* Gidan Silima

Shekaru da dama manazarta adabin Hausa suna ambaton fim ɗin *Shaihu Umar* kamar yadda ake ambaton mamaci: an san sunansa, an san Adamu Halilu ne ya shirya shi a 1976, amma 'yan kaɗan ne za su ce sun gan shi da idonsu. Sai a 2016 aka gano ainihin zaren fim ɗin a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya. Cibiyar Arsenal ta ƙasar Jamus ta ɗauki nauyin gyaransa, sa'an nan aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Watau dai fim ɗin da aka yi da Hausa, a kan littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya sake buɗe ido ne a gaban mutanen da sai sun karanta fassara a gindin allo kafin su san abin da ake faɗa.

Abin da ya fara damun mai kallo na yau, in ya zauna gabansa, shi ne nawa. Tsawonsa minti 142 ne, kuma ba ya gaggawar kome. Yana buɗewa da Shaihu a tsakiyar almajiransa, an tambaye shi asalinsa, shi kuwa ya shiga ba da labari: rasuwar mahaifinsa, auren mahaifiyarsa da Makau bafaden Kagara, ƙullin da 'yan'uwansa fadawa suka yi wa Makau har aka kore shi, sace yaron, da yadda ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim, wanda ya ɗauke shi ɗa ya ƙetare Sahara da shi. Wanda idonsa ya saba da sababbin finafinai, inda hoto ba ya daɗewa ba a yanke shi ba, zai yi ta gyara zama a rabin sa'ar farko. Amma wannan nawa ba kasawa ba ce duka. Tsarin labarin ne ya jawo ta. Tun da malami ne ke magana, almajirai na saurare, to, wurin da aka tanadar wa mai kallo shi ne kan buzu cikin almajiran nan, almajiri kuwa ba ya cewa malam ya taƙaita. Gidan silima kaɗai ke iya tilasta irin wannan zama, domin an kashe fitila, ba kuma wani maɓalli da mutum zai latsa ya tsallake abin da ya gundure shi.

Akwai kuma batun girman allo. Ayari cikin hamada, in an gan shi a wayar hannu, ɗigo-ɗigo ne bisa rawayar shimfiɗa, ba ya cewa kome. A babban allo kuwa ɗigon nan mutum ne, ana ganin ƙanƙantarsa ana kuma ganin faɗin abin da ke shirin haɗiye shi. Rabin ma'anar labarin tana cikin wannan gwargwado, domin labari ne na nisa: nisan Kagara da Kano, nisan Kano da Murzuk, nisan uwa da ɗa. Littafin yakan ƙetare tafiyar watanni cikin jimla guda. Fim ɗin ya ƙi yin haka, kuma a nan ya fi littafin gaskiya.

Ba laifi a tuna cewa gidajen siliman da aka yi fim ɗin dominsu ba irin na yanzu ba ne. Rex, wanda aka buɗe a Kano a 1937, da Palace, da waɗanda suka biyo bayansu, filaye ne masu katanga ba rufi, sai dare ya yi ake haska fim, galibin 'yan kallo maza ne, kuma mutumin kirki ba ya so a gan shi a bakin ƙofa. Duk da wannan baƙin jini suna da wata ɗabi'a da ta dace da tsohon fim, watau maimaici. *Mother India*, fim ɗin Indiya na 1957, ya yi shekaru aru-aru yana komowa allunan Kano, har 'yan kallo suka haddace shi suna riga 'yan wasa magana. A irin wannan gida fim ba ya tsufa. Sabon zauren silima na cikin manyan kantuna, mai rufi da sanyi da kujerun katifa, an gina shi ne a kan lissafin mako: fim ya shigo, ya tara abin da zai tara, a sauke shi a ɗora wani. Babu gurbin *Shaihu Umar* a cikin wannan lissafi, sai fa a bikin finafinai ko zauren jami'a.

Kwatanci mafi amfani shi ne da *Mai Martaba*, fim ɗin Prince Daniel na 2024, wanda aka ɗauka a Daura, Adam A. Zango na cikin taurarinsa, kuma shi Nijeriya ta aika gasar Oscar a rukunin finafinan ƙasashen waje, ko da yake bai shiga jerin goma sha biyar da aka tace ba. Finafinan biyu duka sun waiwayi zamanin da Turawa ba su ci ƙasa ba, duka kuma fataucin Sahara ne ke bayan labarinsu. Ta fuskar kayan aiki ba a ma haɗa su. Shekara arba'in da takwas ba wasa ba ce. Bambancin da ya fi wannan nauyi shi ne inda kowannensu ya tsaya yana kallo. *Mai Martaba* ya ƙagi masarauta, Jallaba, ya tsaya a cikin fada, tambayarsa kuwa ita ce wa zai gaji gadon sarauta, musamman da sarki ya nufi ɗora 'yarsa. *Shaihu Umar* bai ƙagi gari ba. Kagara da Makarfi da Fatika da Kano da Tarabulus duk suna nan a taswira, fadar da ya nuna kuwa ita ce wadda ake fita hari daga cikinta a komo da bayi a raba. Laifin da aka ɗora wa Makau ma ai shi ne ɓoye wasu daga cikin bayin da aka kamo. Sabon fim yana nuna rawani da algaita da dawaki a matsayin gadon da za a yi alfahari da shi. Tsohon yana nuna waɗannan abubuwa ɗin dai, amma tare da igiyar da ta biya kuɗinsu. Abin lura ne cewa marubucin da ya yi wannan ƙarfin hali malamin makaranta ne matashi, a gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, yayin da waɗanda suka ga kasuwar bayi da idonsu suna da rai.

Wannan ba ya nufin fim ɗin ya kuɓuta daga aibi. Ya ratso ta hannun wasan kwaikwayon da Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka tsara daga littafin, Umaru Ladan ɗin ne kuma ya fito a matsayin Shaihu, saboda haka ƙanshin dandamali bai sake shi ba: a wurare da yawa magana ce ke ɗauke da abin da ya kamata hoto ya ɗauka. Aibin da ya fi wannan girma kuwa daga littafin ya gado shi. Labarin ya nuna bauta, amma bai tuhume ta ba. Abdulkarim, wanda fataucin bayi ne ya kawo shi Kano, ya zama uba nagari, hanyar ilmi da ɗaukaka, duk abin da ya faru kuma an jingina shi ga ƙaddara da haƙuri. Mai karatu yana iya karɓar wannan, tun da daga bakin Shaihu yake ji, Shaihu kuwa ya ci ribar tafiyar.

Sai dai kyamara ta yi wa wannan tsari wata ɓarna mai amfani, wadda mai yiwuwa ba a nufa ba. A littafi, wahalar mahaifiyar Umar labari ne da ɗanta ke bayarwa, na abin da bai gani ba. A allo kuwa ba mai shiga tsakani. Ga matar nan ta bar gida neman ɗanta, an yaudare ta, ta zama baiwa, an ja ta har gaɓar Bahar Rum, kuma fuskarta ce ta cika bangon zaure, ba muryar Shaihu ba. Daga nan fim ɗin ya rabu biyu: akwai wanda malam ke faɗa, na yaron da Allah ya ɗaukaka, akwai kuma wanda ido ke gani, na matar da hanya ɗaya da ta ɗansa ta cinye. Na biyun ne yake bin mai kallo har waje. Sun sadu a Tarabulus, ta rasu ba da jimawa ba, guguwar rairayi ta hallaka ayarin komowa, Shaihu ya tsira ya zauna a Rauta kusa da Bauci yana karantarwa. Almajiransa sun sami amsar tambayarsu game da asalinsa, amma a cikinsu babu wanda ya tambayi abin da ya sami mutumin da ya sayar da ita, ko wanda ya saya.